Martani Ga Mai Raina Aman Mujiya

Kwanakin baya wani marubuci da nake ganin girman alƙalaminsa ya fitar da maƙala yana caccakar wani malamin kimiyyar halittu na wata makarantar sakandare a Rido, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun. Laifin malamin shi ne ya kawo wa ɗalibansa curin aman mujiya daga wani kango, suka warware wasu suka ƙirga ƙasusuwan da ke ciki, wasu kuma suka zuba a kwalba suka ɗaure bakinta da ƙyalle, suna jiran ganin irin asun da zai fito. Marubucin ya jingina sukarsa a kan abu huɗu. Na ɗaya, wai garin da ke fama da masu garkuwa da mutane da zaman kashe wando, ga matatar mai a maƙwabta ta daɗe tana barci, ba shi da lokacin wasa da ƙazantar tsuntsu. Na biyu, wai sha'awa ce ta Turawan da suka ci suka ƙoshi, aka kwaso mana ita ba a dubi halinmu ba. Na uku, wai ko an yi wa ƙirgar ƙashi uzuri, kiwon asu ba shi da uzuri. Na huɗu, wai ana jefa 'ya'yan mutane cikin haɗarin cuta, ana kuma sa su taɓa abin da iyayensu ke ƙyama.

Ba don in kare malamin na ɗauki alƙalami ba, shi ma yana da bakinsa. Abin da ya tayar da ni shi ne ra'ayin da ke kwance a ƙarƙashin maƙalar, wato talaka ba shi da hurumin binciken ƙaramin abu sai ya gama da manyan matsalolinsa. Wannan ra'ayi ya daɗe yana cutar da mu. A nawa ganin, wanda ba shi da kuɗin sayen bayani shi ya fi kowa buƙatar ya sunkuya ya tsinci bayanin da ke zube a ƙasa kyauta.

Bari mu fara da sanin abin da ake gardama a kansa, domin daga yadda marubucin, wanda zan riƙa kira Malam, ya yi rubutu na fahimci ya ɗauka kashin tsuntsu ne. Mujiya ba ta tauna, haɗiye ɓera take yi ɗungurungum. Ruwan cikinta bai kai na shaho ko shirwa ƙarfi ba, saboda haka nama ya narke ya wuce, amma gashi da ƙashi da haƙori da farce su tsaya a ƙundu. Ƙundun ya matse su wuri guda, bayan kimanin sa'a shida zuwa goma ta dawo da su ta baki a dunƙule. Farar mujiyar nan mai faffaɗar fuska da ke kwana a silin makarantu da coci-coci da masallatai da kangaye, wadda masana ke kira Tyto alba, takan fitar da curi ɗaya ko biyu a kwana. Tsawonsa kan kai santimita 3 zuwa 6. Sabo baƙi ne mai sheƙi, idan ya bushe ba ya wari. Da yake kuma mujiya ba ta cika sauya makwanci ba, curin yakan taru a wuri ɗaya wata da watanni.

Amfanin abin yana cikin raunin ruwan cikin nan nata. Ƙoƙon kai da muƙamuƙi sukan fito kusan lafiya ƙalau, haƙoran a jere. Yaro ɗan aji huɗu zai iya koyon raba ɓera da jaɓa cikin darasi ɗaya: ɓera yana da manyan haƙoran gaba masu launin ɗorawa, sai fili, sannan turame, jaɓa kuwa haƙoranta masu tsini ne a jere babu fili, domin ƙwari take ci. Daga nan sai a haɗa muƙamuƙan dama da na hagu a san dabba nawa aka ci, a dubi zanen saman turame a san wane irin ɓera ne. Duk wanda ya yi haka da curi ɗari ya sami jerin ƙananan dabbobin da ke yawo da dare a gonaki da juji da bayan gidajen unguwarsa, tun da mujiya ba ta cika wuce 'yan kilomitoci daga makwancinta wajen farauta ba.

To, Malam ya ce wannan jeri ba ya cikin manyan matsalolinmu. Mu duba. An fara gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, lokacin da ya kashe ma'aikatan jinya biyu na mishan. Shekara guda bayan nan ya kashe Dakta Jeanette Troup a Jos. A farkon shekarun 1970 aka tabbatar a Saliyo cewa matattarar ƙwayar cutar wani ɓera ne mai suna Mastomys natalensis, wanda macensa ke da nonuwa har ashirin da 'yan kai, tana kuma haihuwar goma ko fiye a ciki ɗaya. Shi ɓeran ba ya kwantawa ciwo, sai dai ya riƙa zubar da ƙwayar a fitsari da kashi, a kan hatsin da aka shanya da kwanon da aka bari a buɗe. Idan aka girbe gona aka ƙone daji, gida yake nufa, shi ya sa rahotannin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ke nuna cutar ta fi tashi da rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu. A Fabrairun 2024 ta kashe ma'aikatan lafiya a asibitin sojoji na 44 da ke cikin Kaduna. A 2016 kuma Dakta Ayodeji Olayemi na Jami'ar Obafemi Awolowo da abokan aikinsa sun nuna cewa akwai wasu nau'o'in ɓera a Najeriya, ciki har da ɗan'uwan na farkon mai suna Mastomys erythroleucus, da su ma ke ɗauke da ita. Ɓerayen wannan dangi suna cikin abincin da farar mujiya ta fi ci a sassa da dama na Afirka. Ina tambayar Malam: sanin yawan irin wannan ɓera a kewayen Rido, da watan da yake ƙaruwa, ƙaramar magana ce?

Hujjar rashin tsaro ma, idan aka juya ta, bayan malamin take goyo. Masanin da ke son ƙirga ɓerayen wani yanki ta hanyar da aka saba sai ya sayi tarkuna da yawa, ya ɗauki mataimaka, ya kafa da yamma a bakin daji, ya koma da asuba ya duba, kwana da kwanaki. A Chikun ta yau wa zai aika ɗalibinsa bakin daji da asuba? Mujiya kuwa kowane dare tana zuwa inda mu ba mu iya zuwa, ta ɗauko samfurin, ta kawo shi cikin gari ta ajiye a ƙarƙashin rufi, ba ta neman alawus. Rashin tsaro ya rufe mana hanyoyi masu tsada, ya bar mana wannan a buɗe, sai kuma mu rufe ta da hannunmu saboda ƙyama?

Ba na cewa ƙashi zai gaya maka ko ɓeran yana ɗauke da cuta, ba zai gaya maka ba. Raba 'yan'uwan nan biyu na dangin Mastomys ma da ido yana da wuya, sai an kai ga gwajin ƙwayoyin gado. Mujiya kuma tana da zaɓi, ba duk abin da ke motsi take kamawa ba, gafiya ma ta fi ƙarfinta. Amma idan aka riƙa tattarawa daga wuri ɗaya kowane wata, aka rubuta, to hawa da saukar da za a gani na gaskiya ne, kuma shi ne irin bayanin da ke gaya wa jami'in lafiya inda ya kamata ya kai tarkonsa da gwajinsa masu tsada.

Ga manomi kuwa lissafin a fili yake. Babbar mujiya tana cin ɓera uku ko huɗu a dare. Ka ninka uku da kwanakin shekara, ka haura dubu, ban da abin da take kai wa 'ya'yanta. Mai masara a rumbu, da mai shinkafa a fadamar Romi, da masu gidajen kaji na wajen Mararrabar Rido, duk sun san abin da ɓera dubu ke iya yi. Abin da muke dogara da shi yanzu shi ne shinkafar ɓera da dangoginta, gubar da ake sayarwa a tire a bakin hanya, wadda ba ɓera kaɗai take kashewa ba, kowa ya san labaran da ke zuwa daga kotuna da asibitoci. Ɓeran da ya ci guba mai tsinka jini ba ya mutuwa nan take, yakan yi kwanaki yana tangaɗi, shi ne kuma mafi sauƙin kamu ga mujiya. A Birtaniya, inda ake auna hantar mujiyoyin da aka tsinta a mace, an sami ɓurɓushin irin wannan guba a cikin mafi yawansu. Wato muna biyan kuɗi muna kashe mai yi mana aikin kyauta. Yaron da ya zaro ƙoƙon kan ɓera uku daga curi ɗaya ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan wannan.

Sai batun cewa sha'awar Turawa ce. A 1980 masana biyu, Rainer Hutterer na gidan adana halittu na Bonn a Jamus da Paulina Jenkins ta takwaransa na Landan, suka bayyana wa duniya wani nau'in jaɓa da kimiyya ba ta san da shi ba, suka raɗa masa suna Crocidura yankariensis. Daga ina suka san shi? Daga ƙoƙunan kai da aka ciro a aman mujiya da aka tattaro kusa da Futuk, gabas da gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi. Dabbar tamu ce, mujiyar tamu ce, ƙasar tamu ce, amma baƙi ne suka sunkuya suka tsinta, su kuma suka raɗa suna. Idan akwai abin kunya a labarin nan, ba a tsintar yake ba.

Namu ma ba su zauna ba. A 2001 masana uku na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Lekunze da Ezealor da Aken'Ova, sun wallafa bincike a mujallar African Journal of Ecology a kan abin da ke cikin aman farar mujiya a yankin sabanar Najeriya, suka nuna ɓeraye ne mafi rinjayen abincinta. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum, wadda tun farkon shekarun 2000 take yaye 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka ta Yamma a wannan fanni. A waje kuwa, waɗanda suka fi riƙe mujiya da muhimmanci manoma ne masu lissafin riba da faɗuwa. A Maleshiya tun shekarun 1980 ake kafa mata akwatunan sheƙa a gonakin kwakwar manja da na shinkafa domin rage kuɗin guba. A kwarin Kogin Jodan, manoman Isra'ila da na Jodan da na Falasɗinu, duk da abin da ke tsakaninsu, sun kafa dubban irin waɗannan akwatuna. Ta yaya suke sanin ko mujiyar tana cin ɓeran da suke so ta ci? Aman suke warwarewa.

Yanzu mu zo kan asu, inda Malam ya fi yin dariya. Na fahimci dalilin dariyar, domin ƙwaron bai kai tsawon farcen ɗan yatsa ba. Amma a nan ne nake ganin malamin makarantar ya fi hangen nesa.

Gashi da gashin tsuntsu da farce da ƙaho duk da sinadari ɗaya aka gina su, ana kiransa keratin. Yana da taurin da cikin mujiya bai iya narkar da shi, haka cikin kura da na mutum. Halittu kaɗan ne a duniya ke iya cin sa, a cikinsu akwai tsutsar wasu 'yan dangin asu da masana ke kira Tineidae, dangin da aka rubuta nau'o'insa sama da dubu uku. Macen asu tana bin warin gashi ta saka ƙwai arba'in zuwa hamsin, su ƙyanƙyashe cikin kwana huɗu zuwa goma, tsutsar ta ci gashin tana saƙa wa kanta rufi, ta naɗe, sannan ta fito da fiffike. Asun tufa idan ya yi fiffike ba ya cin komai, duk ɓarnar tsutsa ce. Kafin ɗan Adam ya saƙa bargo, a sheƙar tsuntsu da mushe da aman mujiya waɗannan ƙwari ke rayuwa, masana da dama ma suna ganin asun tufan da ya game duniya daga Afirka ya fito. Wani ɗan'uwansu na nahiyarmu, Ceratophaga vastella, ƙaho yake ci. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon ƙaho a yashe da wasu 'yan bututu sun tsattsafo a jikinsa ya ga aikinsa.

Me sanin wannan zai amfane mu? Abu na farko, asu shi ne ke gaya maka shekarun curi. Idan ka shiga kango ka tarar da tuli, tambayar farko ita ce ko mujiyar tana nan har yanzu, kuma wane curi ne na wane lokaci. Sabo baƙi ne a dunƙule. Wanda ya jima ya koma ruwan toka, da 'yan ramuka da garin kashin tsutsa da kwanson da asu ya fita ya bari. Wanda ya tsufa gashin ya ƙare, ƙashi ne zalla. Masu kula da mujiya a Ingila suna da ma'aunin da suke kintatar watanni da shi ta wannan hanya, amma an gina shi ne a kan sanyinsu da danshinsu. Tsutsar asu tana saurin girma da zafi da laima, tana jinkiri da bushewa, saboda haka curin da ya faɗi a Agusta a Rido da wanda ya faɗi cikin hunturu ba tafiyarsu ɗaya ba. Wannan ma'auni ba a sayo shi daga waje, dole a zauna a nan a yi shi, da kwalba da kalanda. Idan babu shi, ƙirgar ɓerayen wata-wata da na ambata a baya ba ta tsayawa da ƙafarta. Ashe kwalbar da Malam ya raina ita ce ke riƙe da sauran aikin.

Abu na biyu, ƙwaron da ke cin gashi a silin shi ne ke saukowa cikin adaka. Asu ba ya narkar da auduga zalla, abincinsa ulu ne da gashi da fata da siliki: bargo, darduma, alkyabba, hular dara, kayan doki, buzu. Tare da shi a cikin curi akan sami wasu ƙananan buzuzu na dangin da ke ɓata kirgi da busasshen kifi, abin da duk mai fataucin fata zuwa Kano da mai sayar da banda ya sani a aljihunsa. Sanin wane nau'i ne ke unguwa, da watan da yake tashi, shi ne mafarin sanin lokacin shanya kaya da lokacin rufe su. Cibiyar nazarin fata ta NILEST tana nan a Samaru, ba za ta raina irin wannan bayani ba.

Abu na uku shi ne ya fi girma, kuma ina mamakin yadda ya kuɓuce wa marubucin da ke zaune a Kaduna. A watan Mayun 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Gonaki sun ƙone kurmus ba da wuta ba, farashin kwando ya ninka sau da yawa, masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa ta tsaya saboda rashin abin niƙawa. Mai laifin wani ɗan ƙaramin asu ne mai suna Tuta absoluta, wanda manoma ke kira sharon, ɗan asalin Kudancin Amurka, ya shiga Sifaniya a 2006, ya ratso har ya iso mu. Tsawonsa bai wuce milimita 6 ko 7 ba, wato daidai da waɗanda ke cikin kwalbar yaran Rido. A farkon 2016 ɗin dai aka fara ganin tsutsar nan mai cin masara ta ƙasashen Amurka a nahiyar Afirka, a kudu maso yammacin Najeriya, ita ma 'yar wani asun dare ce. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Baƙon ƙwaro yakan yi yaɗo ya gama gari kafin a farga, saboda masu idon da zai ce wannan ba namu ba ne ba su da yawa. Irin wannan ido ba a haihuwar mutum da shi, horar da shi ake yi.

Ga yadda horon yake. Idan asu ya fito a kwalba, sai a sa gilashin ƙara girma a dubi launin gashin kansa da zanen fiffikensa. Asun tufa na gama-gari ruwan zinariya ne babu ɗigo, kansa ja-ja. Wani yana da ɗigo uku baƙaƙe, tsutsarsa kuma tana jan 'yar jakar da ta saƙa duk inda za ta. 'Yan dangin Monopis suna da wani ɗan tabo mai haske a tsakiyar fiffike. 'Yan dangin Trichophaga gindin fiffikensu baƙi ne, ƙarshensa fari. Inda ido ya gaza, sai a jiƙa cikin ƙwaron a sinadari a buɗe shi a ƙarƙashin madubin likita a dubi gaɓoɓin haihuwa, domin a nan nau'o'i masu kama da juna suke rabuwa, ko kuma a karanta wani ɗan yanki na ƙwayoyin gadonsa, hanyar da Paul Hebert na Jami'ar Guelph ta Kanada ya gabatar a 2003. A Samaru akwai ma'ajiyar ƙwari ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda za a iya kai samfur a gwada da waɗanda aka adana shekaru masu yawa. Ɗalibin da ya koyi haƙurin kallon fiffike mai milimita shida, ya rubuta rana da wuri, ya ƙi yanke hukunci sai ya tabbatar, shi ne gobe malamin gona da zai tsaya a gonar tumatir ya gane baƙo tun yana ɗaya-ɗaya. Kafin goben ma, a yau ya ga sarƙar abinci da tsarin haƙora da ƙasusuwa da matakan girman ƙwaro da idonsa, abubuwan da takwarorinsa ke haddacewa daga allo don WAEC da NECO a makarantun da ɗakin gwajinsu suna ne kawai.

Batun cuta shi ne inda Malam ya taɓo gaskiya, ba zan rage masa komai ba. Abin da ya ratsa cikin tsuntsu yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. A 2001 a jihar Minnesota ta Amurka yara da dama a makarantun firamare biyu sun kamu da gudawa ta ƙwayar salmonela bayan an warware aman mujiya da ba a gasa ba, a ɗaya daga ciki ma a kan teburin cin abinci. A ƙasar da ɓera ke ɗauke da Lassa kuwa, taka-tsantsan ya ninka. Amma abin da hukumomin can suka yi shi ne gyara hanya, ba su rufe darasin ba. Babba ne zai tattaro, da safar hannu da takunkumi, ya yayyafa ruwa kada ƙura ta tashi, kada kuma a taɓa wurin da mujiya ke kwance a kan ƙwai. Curin da yara za su warware a naɗe shi a takardar alminiyam a gasa a tanda mai zafin kimanin digiri 160 na wajen minti 40. Wanda aka ware don asu ba a gasa shi, amma daga hannun malami sai kwalba, yara da ido kawai za su bi shi. Ba a ci ba a sha a wurin, a wanke hannu da sabulu, a goge tebur da bilic. Da Malam ya rubuta maƙalarsa yana neman a tilasta waɗannan sharuɗɗa, da ni ne farkon mai sa hannu. Kada kuma mu manta, yaran nan da rani suna bin ɓera da gafiya a gonakin da aka ƙone, suna kamawa da hannu tsirara. Ajin da aka ɗora ƙoƙon kan Mastomys a kan tebur shi ne wurin da ya fi dacewa a gaya musu abin da suke wasa da shi.

Saura ƙyamar iyaye. Gaskiya ne mutanenmu, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bagwari, da yawa suna danganta mujiya da maita da mutuwa, har wanda aka tsana akan ce an mayar da shi mujiya. Iyaye suna da haƙƙin a sanar da su, a kira su a nuna musu abin da ake yi. Amma aikin mai alƙalami ba shi ne ya tsaya wa camfi gadi ba. Hadisi ingantacce da ke cikin Bukhari da Muslim ya kore shu'umci da tsuntsaye, ya kuma kore abin da Larabawan jahiliyya ke ƙudurtawa game da tsuntsun dare, wanda malamai da dama suka fassara da mujiya. Coci ma ba ta koyar da cewa ajalin mutum yana bakin tsuntsu. Mun ga inda irin wannan ƙyama haɗe da cinikin sassan jiki ta kai ungulu: tsuntsun da ke cika kowace mahauta a da, a 2015 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa shi a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Ba mu ƙirga ta ba lokacin da take da yawa, sai muka wayi gari muna tambayar ina ta shiga.

Ko matatar man da Malam ya kafa hujja da ita, wadda aka buɗe a 1980, ba ta fita daga maganar nan ba. Shekara da shekaru mazauna Rido da maƙwabtansu suna kokawa a kan ruwan Romi da ƙasar nomansu. Koke ba ya tsayawa a gaban hukuma sai da awo. Ƙashi yana riƙe dalma da wasu ƙarafa masu guba, a ƙasashen Turai kuma an yi amfani da gashin mujiya da abin da ke cikin amanta wajen bin sawun gurɓatar muhalli. A Zariya akwai cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da cibiyar binciken makamashi ta CERT masu na'urorin irin wannan awo. Ƙashin da aka adana da rana da wuri a rubuce, ko wane sakamako ya bayar, ya fi zargi da musu amfani ga kowane ɓangare.

Saboda haka ga abin da nake roƙon Malam. Shafin da ya yi amfani da shi wajen dariya, ya yi amfani da shi ya nemi abu uku. Ma'aikatar ilimi ta jiha ta fitar da ƙa'idar tsafta a rubuce ga duk malamin da zai yi irin wannan darasi. Sashen kimiyyar halittu na Jami'ar Jihar Kaduna ko na Zariya ya karɓi ƙasusuwan da asun da makarantu suka tara, ya tantance, ya mayar musu da amsa. Ƙungiyoyin manoma da masu kaji na yankin su gwada kafa akwatunan sheƙa kaɗan a bakin gonaki, su rage guba a wurin, a ƙirga abin da ya biyo baya. Duka ukun ba su kai kuɗin taron bita ɗaya a otal ba, ba kuma za su hana kowa neman tsaro ko aikin yi ko gyaran matata ba. Idan bayan damina biyu littafin yaran bai nuna komai mai amfani ba, Malam ya dawo ya rubuta haka da alƙaluma a hannunsa. A ranar zai zama yana gardama da shaida, wato daidai abin da malamin da ya caccaka yake ƙoƙarin koya wa ɗalibansa.